Umma, Kin Shiga Ɗakina?

Shafi na 17

Masu turo saƙo kuna cewa na yi shiru, ku yi mini uzuri. Wannan wurin ba ya rubutuwa a zama ɗaya. Da sunan Allah, ga shi.

*

Tun daga ƙofar asibiti Umma take ja wa Yaya kunne.

"Kin dai ji abin da na faɗa miki."

"Na ji, Umma."

"Ba ji nake so ba, riƙewa nake so. In sun tambaya, ban shiga ɗakin ba. Ke ma ba ki ga komai ba."

Mai gadi ya saita musu abin gwada zafin jiki a goshi, ya duba, ya ce su wuce.

Abin da Yaya ta gani ba mai goguwa ba ne. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ƙanwarta Auta, wadda take likita a wannan asibitin, Auta ta kulle kanta a ɗaki ta kira ta a waya. "Yaya, bar ɗinkin nan ki zo gida yanzu. Motar asibiti tana hanya. Ki tsare mini Umma, ko bakin ƙofata kar ta zo."

Yaya ta bar keken ɗinki da yadi a ƙarƙashin allura ta taho. Tana shiga gidan ta tarar da Umma tsugune a gindin famfo tana cuɗa rigar matashin kai, ba komai a hannunta, ruwan bahon ya yi ja. Ashe da ɗayan makullin ta buɗe. Ta sami 'yarta ba ta cikin hayyacinta, hanci na zubar da jini. Ta goge mata, ta canza mata rigar matashi, ta fito ta mayar da ƙofa ta kulle.

Da ma'aikata suka iso cikin fararen kayan nan masu rufe mutum har ido, sun yi tambaya. Sun ce duk wanda ya taɓa jinin za a kai shi wani gini daban, a ajiye shi 'yan makonni ana duba shi, ba shiga ba fita. Umma ta dubi tsabar idonsu ta ce ba wanda ya shiga. Motar na fita ta juyo wurin Yaya.

"In suka kulle ni, wa zai je ya ga 'yata? Kika buɗe baki, ban yafe miki ba."

An fi mako da yin haka. Sai yau da safe aka kira waya: Auta ta farfaɗo, tana neman su.

Wata nas ce ta shige musu gaba. Suka wuce ɗakunan haihuwa, suka wuce wurin karɓar magani, suka yi ta tafiya har hayaniyar mutane ta ƙare. Can bayan asibitin ginin yake, shi kaɗai. An kifa takalman roba a kan sanduna suna shan rana. Ga bokitai na ruwan magani mai kaifin wari a kowace ƙofa. A ƙasa an ja jan layi da fenti.

"Mama, kar ki tsallake jan nan," in ji nas. "Farfesa yana son ganin ku kafin ku gan ta."

Farfesa dattijo ne, gemunsa ya yi fari, takunkumi ya yi masa shaida a karan hanci. Ya miƙe tsaye da suka shigo, ya nuna musu kujeru.

"Mama, sannunku da zuwa. Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya. Ya jikin nata?"

"Da sauƙi. Amma ba zan ce miki an tsallake ba. Ƙodarta ta sha wahala, muna lura da ita." Ya cire tabarau ya murza ido. "Na daɗe ina son in gan ki. Cikin duk ɗaliban da na koyar a wannan sashen, ban taɓa samun kamarta ba. Jarrabawa ɗaya ta rage mata ta zama cikakkiyar ƙwararriya."

Umma ta gyara zama.

"Ɗalibarka? Au, kai ma likitan ido ne?"

Farfesa ya tsaya da tabarau a hannu. Ya dubi Yaya. Yaya ta dubi siminti.

"Mama, nan sashen cututtuka masu yaɗuwa ne."

"Na sani, ai nan aka kwantar da ita. Ina nufin inda take aiki."

"Nan take aiki."

"A'a. Sama take, wurin masu ciwon ido."

"Mama," ya ce a hankali, "tunda ta gama koyon duba cututtukan manya, shekaru ke nan, nan take. Teburinta ne wancan."

Umma ta waiga. Ƙaramin tebur ne a jikin taga, littattafai jibge a kai. A jikin kujerar an rataye mayafi ruwan toka. Yaya ce ta ɗinke masa baki da hannunta.

Fanka kawai ke juyawa.

"Ke." Umma ba ta ɗaga murya ba. "Kin sani?"

"Na sani, Umma."

"Tun yaushe?"

"Tun farko."

"Tun farko." Umma ta jinjina kai. "Ni ina can ina cika baki a unguwa. Duk wanda idonsa ya yi ja in ce ya zo wurin 'yata. Shi ya sa kowa na turo sai ta ce ya je wurin ƙawarta, wai ita layinta ya cika. Ashe ni kuka mayar mahaukaciya."

"Ba haka ba ne, Umma..."

"Rufe mini baki!"

Ta juya ga Farfesa, idonta ya kaɗa.

"Likita, ka san yadda ubansu ya rasu? Sanƙarau. Da safe yana cewa wuyansa, kafin a gane mene ne an yi ta ba shi maganin zazzaɓin sauro. A kan cinyata ya cika. Wannan yarinyar tana makarantar likita lokacin. Ta dawo ta ce ita irin ciwon nan za ta karanta. Na ce ban yarda ba. Na ba ciwo miji, ba zan ba shi 'ya ba. Ta durƙusa a gabana ta ce to."

"Ban san da wannan ba," in ji Farfesa. "Wallahi ban sani ba."

"Kuma tun daga lokacin ta canza. In ta dawo aiki ba ta shigowa ta gaishe ni. Ta bayan gida take zagayawa, sai ta yi wanka tukuna. Takalminta a waje. Kayanta bokitinsu daban, ko taɓawa ba ta bari in yi. Jikokina su rugo da gudu ta ce su tsaya can. Ni uwarta in miƙa hannu in karɓi jakarta ta janye. Na yi kuka a ɗakina ba sau ɗaya ba. Na ce karatu ya sa 'yata ƙyamata."

Farfesa ya mayar da tabarau.

"Ni na koya mata."

"Kai ka koya mata ƙyamar uwarta?"

"Na koya mata yadda za ta koma gida ba ta kai miki komai ba. Mama, a nan kafin mu bar ɗalibi ya je kusa da majinyaci, sai ya yi makonni yana koyon cire kaya kawai. Sakawa ba wuya. Cirewa ke kashe mutum. Wani yana tsaye yana kallon ka, in ka taɓa fuska ya ce koma farko. 'Yarki ta fi kowa taurin kai a kan wannan. Ni kaina ta taɓa mayar da ni wankin hannu a gaban ɗalibai."

Yaya ta yi 'yar dariya. Auta ke nan.

Umma ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon mayafin nan.

"To in haka take, ya aka yi ya kama ta?"

"Ba a nan ba ne. Kiran ta aka yi ɗakin gaggawa, wata mai ciki ta zo da zazzaɓin da ya ƙi jin magani. Ba wanda ya kawo wannan ciwon da ɓera ke yaɗawa a ransa. Ita ta zauna tana yi mata tambayoyi: ina kike ajiye hatsi, akwai ɓera a gidan, wa ya yi ciwo kafin ke. Tana cikin tambayar matar ta yanke jiki ta faɗo mata, jini ya fantsama. Ko tashi ba ta yi ba ta ce a rufe ƙofa, kar kowa ya ƙara shigowa. Mutanen da ta tsare a ranar suna da yawa."

"Matar fa?"

"Allah ya yi mata rasuwa."

"Allah ya ji ƙanta," in ji Umma, can ƙasa.

"Amin." Farfesa ya miƙe. "Abu ɗaya zan gaya muku. Tunda ta buɗe ido take tambayar wa ya shiga ɗakinta. Na ce mata ma'aikatanmu sun tambaya, an ce ba kowa. Ta ce ita za ta tambaya da kanta. Aikinmu rabinsa tambaya ne, Mama. Kuma a wannan ta fi ni."

Umma ta tashi ta gyara mayafi, ba ta dubi kowa ba.

Ta waje aka zagaya da su, zuwa wata baranda. Babbar taga ce ta gilashi, ba ta buɗewa. A jikin bango an maƙala waya mai lasifika. Ta ciki wata nas ce cikin fararen kaya, ta turo gadon kusa da tagar, ta ɗaga kansa, ta kara wa Auta waya da aka naɗe a leda.

Allah sarki. Yaya ba ta gane ta da farko ba. Fuskar ta zabge, leɓe ya tsage, ga robar ƙarin ruwa a hannu. Idon ne kawai nata.

"Yaya." Muryar ta fito a shaƙe. "Ina ɗinkina?"

Yaya ta toshe baki da mayafi.

"Kin ga kanki kuwa? Sai na sake awo. Rabin yadin ma ya ishe ki."

"Kullum da dalili. Tela dai tela ce, ko 'yar'uwarka ce."

Ta yi ƙoƙarin dariya, tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta juyo da ido.

"Umma. Ina wuni."

Umma ta tsaya ƙiƙam, hannu a naɗe cikin mayafi.

"Lafiya lau, likitar ido."

Auta ta lumshe ido.

"An gaya miki."

"An gaya mini."

"Na yi laifi, Umma. In na fito ki yi mini duk faɗan da kike so, zan durƙusa in ji. Yanzu ba ni da ƙarfin dogon magana. Matso wurin haske in gan ki."

"Ni na zo ganin ki."

"Matso, Umma."

Umma ta matsa. Auta ta ƙura mata ido, irin kallon da Yaya ba ta taɓa ganin ta yi wa wani a gida ba.

"Kina cin abinci?"

"Wa zai ci abinci 'yarsa tana nan?"

"Ba kya sha'awa ne, ko in kin haɗiya yana yi miki zafi?"

"Maƙogwaro ne ɗan kaɗan. Kuka ne."

"Tun yaushe?"

"Shekaranjiya."

"Kai fa?"

"Kai ai dole ya yi ciwo."

"Baya? Gaɓoɓi?"

"Ke, tsufa ne. Tun kina goye nake ciwon baya. Wai ni kika mayar majinyaciya?"

"Iska na kaɗawa a barandar nan, ga mayafin Yaya yana motsi. Me ya sa kike gumi?"

Yaya ta juya ta duba. Gaskiya ne. Gumi ne a goshin Umma, yana gangarowa ta gefen kunne.

"Tafiya ce. Asibitin naku kamar gari."

"Kin sha magani yau?"

Umma ta kau da kai.

"Na ciwon kai. Ƙwaya biyu."

"Kafin ku fito?"

"E."

"Jiya ma?"

"Jiya ma."

"Shi ya sa abin mai gadi bai nuna komai ba," in ji Auta, ba da su take ba. Farfesa yana tsaye daga ƙarshen barandar. Yaya ta ga ya yi wa nas ɗin da ta rako su alama da hannu, ta juya da sauri ta shige ciki.

Auta ta huta, tana jan numfashi. Nas ɗin ciki ta so janye wayar, ta girgiza kai.

"Umma, ranar da na kwanta, shuɗiyar riga ce a matashina. Na tuna, don ina kallon jinin yana ɗiga a kanta. Waɗanda suka kwashe shimfiɗar suka ƙone sun ce fara suka gani, ba ɗigo ko ɗaya."

"Zazzaɓi ne ya ruɗa ki."

"Na ji hannu a goshina. Na ɗauka mafarki nake."

"Mafarkin ne."

"Umma, kin shiga ɗakina?"

"Ban shiga ba."

"Ki ce wallahi."

"Ni za ki rantsar? Ke da kika durƙusa kika yi mini ƙarya shekara da shekaru, yau ni za ki rantsar?"

Auta ba ta ja ba. Hawaye ya gangaro mata zuwa kunne, ba ta da ƙarfin sharewa. Ta juyo da ido wurin Yaya.

"Yaya."

"Na'am."

"Ke kika riƙe mini sirrina, ba ki taɓa faɗa ba. Na san kin iya riƙewa. Wannan kar ki riƙe."

"Kar ki sa ta a ciki," in ji Umma.

"Akwai magani, Yaya. Amma da wuri yake aiki. Ni da na san ciwon, kin ga yadda ya yi da ni. Ita ga shekaru, ga hawan jini. Duk yinin da ya wuce, an rage mata. In ba ta taɓa ba, su gwada ta a hankali, ta koma gida. In ta taɓa jinin, yau za a fara, ba sai an jira sakamako ba. Ba na son zato. Ki faɗa mini abin da kika gani."

"Na gaya miki," Umma ta ce wa Yaya. "Na gaya miki tun a gida. In suka kulle ni ba zan ƙara ganin ta ba. Yau kawai na gan ta. Yau kawai! Kika yi magana, ban yafe ba, duniya da lahira."

Tunda Yaya ta yi wayo ba ta taɓa tsallake maganar Umma ba. Ita ce mai to, Auta ce mai me ya sa. Ta tuna ranar da aka fita da Baba, yadda Umma ta zauna a ƙofar ɗaki tana cewa da an gane da wuri, da an gane da wuri.

Ta dubi gumin nan.

"Ta shiga."

"Ke!"

"Ta shiga, Auta. Da ɗayan makullin. Ta goge miki hanci da bakin zaninta. Na same ta a famfo tana wanke rigar matashin, ruwan ya yi ja."

"Da safar hannu?"

"Ba komai a hannunta."

"Akwai ciwo a hannun?"

Yaya ta rufe ido.

"Wuƙa ta yanke ta a babban yatsa, ana gobe za ki kwanta."

Auta ta saki wani irin sauti, ba kuka ba, ba magana ba. Sannan ta ɗaga murya iya ƙarfinta. "Farfesa! A shirya gado. A ɗibi jininta, a fara maganin yanzu."

"Ana shiryawa," in ji shi. "Suna saka kaya. Mama, don Allah ki zauna a bencin nan. Kar kowa ya matsa kusa da ita."

Umma ba ta zauna ba. Ta dubi Yaya sama da ƙasa, kamar yau ta fara ganin ta.

"Na gode," ta ce. "Kin biya ni."

Ta matsa jikin tagar ta ɗora tafin hannu a gilashin, daidai fuskar Auta.

"Da kika kulle ƙofa kina nishi, me kike so in yi? In zauna a tsakar gida ina ji? Ni na haife ki."

"Na sani, Umma."

"Ko yau aka sake, sai na shiga."

"Na sani. Ki zauna."

"Gida za ni. Ba wanda zai kulle ni."

Ta juya. Taku ɗaya, na biyu, sai gwiwarta ta lanƙwashe.

Yaya ba ta yi tunani ba. Ta tare ta da hannu biyu, kan Umma ya faɗo mata a kafaɗa. Zafin da ta ji ta cikin mayafi kamar ta rungumi tukunyar da aka sauke yanzu. Maganin ciwon kan ya sake ta. Rigar ta jiƙe sharkaf, jikin yana kakkarwa.

"Yaya, sake ta!" Auta tana dukan gilashin da hannun da ke da robar ruwa. "Sake ta! Ki ja baya!"

"Kwantar da ita ki matsa!" Farfesa ya ce wa Yaya, sannan ya ƙwala wa na ciki kira. "Ku yi sauri da kayan nan!"

Ta ƙofar da ke buɗe Yaya ta hango su, mutum biyu, ɗaya bai gama saka takalmi ba, ɗaya ana ɗaure masa riga ta baya.

Umma ta buɗe ido da ƙyar. Bakinta yana daidai kunnen Yaya.

"Sake ni," ta ce. "Kina da yara ƙanana. Sake ni, 'yar nan."

Cikinta ya yunƙuro, ta fara kakarin amai.

Yaya ta dubi simintin da ke ƙarƙashinsu. Ta dubi Auta a bayan gilashi, baki buɗe tana kiran sunanta.

Ta ƙara riƙe Umma.